Hannun Halilu da Sawun Saniya

Hajiya Yalwa ce da kanta ta ga ƙirgin. Ta taso daga Kaura Namoda don jin yadda aka yi saniyarta ta ɓace daga garken Magaji, Bafulatanin da ke yi mata kiwo, sai hanya ta bi da ita ta bayan gidan Halilu mahauci a Tungar Aduwa. Can a jikin danga ga fata a shanye, an kafe ta da turaku, ga kuma lambar wutar da Hajiya ke yi wa shanunta a cinya, ɓaro-ɓaro. Mahauci dai ko wuta ke cin gidansa ba ya iya jefar da fata, wannan hali ne da aka haife su da shi. Hajiya ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, kafin la'asar an wuce da Halilu Zurmi.

Shekara ta biyu ke nan da fara aiki da Shari'a a Zamfara, kuma kowa ya san an riga an yanke hannun wani a jihar saboda satar saniya. Ba sai an yi wa kowa bayanin abin da ke jiran Halilu ba.

Mainasara mai bin sawu ba ya gari a makon, yana Galadi wajen neman raƙumin wani. Dattijo ne dogo, marar yawan magana, wanda ya saba kallon ƙasa har ya zama ko gaisawa yake da mutum ƙafafunsa yake fara dubawa. Da ya sauka daga babur a bakin kasuwa, ya yi zaton zai tarar da gari na tafasa. Sai ya tarar da shiru. Mutanen da ko akuya ta ɓata sai sun kwana uku suna kai-kawo da zancen, yau an kama ɗan garinsu amma kowa ya sunkuyar da kai yana harkar gabansa. Wannan shirun ne ya fara damunsa.

Haladu Sarkin Fawa, shugaban mahautan garin kuma wan mahaifin Halilu, shi ya tare shi.

"Sannu da hanya, Mainasara. Tahi ka huta, wanga aiki ya ƙare tun ba ka zo ba. Yaro ya amsa laihi nai da bakinai."

"Allah shi kyauta," in ji Mainasara.

A ƙofar gidansa ya iske Kulsumu, mahaifiyar Halilu, zaune a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, idanun sun riga sun bushe.

"Malam Mainasara, ni na haihi yaron ga. Ko ƙashin miya bai taɓa ɗauka ba sai an miƙa mishi. Sun ce hannu za a cire. Mahauci ba hannun dama, mi ya rage gare shi? Don Allah ka duba min ƙasa, ita ba ta tsoron kowa."

*

Washegari ya samu aka bar shi ya ga Halilu inda ake tsare da shi. Saurayi ne kakkaura mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu, amma ya zabge kamar wanda ya yi jinya.

"Kai ka sace ta?"

"Ni na sace ta, Baba."

"Ƙaƙa ka hito da ita daga ruga?"

"Koro ta na yi da sanda, har hwadama. Can na yanka."

"Kai kaɗai? Ka kada saniya, ka yanka, ka heɗe, kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Naman hwa?"

"Na ba Hamisu direba ya kai Shinkahi."

Amsoshin suna fitowa a jere, sumul, irin na wanda aka biya wa karatu. Mainasara ya daɗe yana kallonsa, tausayi da haushi suka cakuɗe masa. Ya sha ganin ɓarayi suna rantsuwa ba su yi ba, amma bai taɓa ganin wanda ke ƙoƙarin kada a raba shi da laifi ba sai yau.

*

Ranar kasuwar Shinkafi ya sami Hamisu a tasha yana sauke kejin kaji daga a-kori-kurarsa. Da ya ji abin da aka ce, sai ya saki igiya ya dafe ƙirji.

"Ni? Nama? Baba, ka san hanyar ga kuwa yanzu? Tun da anka kawo dokar hatimi, ko tsoka guda anka gani ga mota ba shuɗin tambarin malamin dabbobi, a zuba mata kananzir, a riƙe mota. Ni na bar ɗaukar nama tun bara. Kaji nika ɗauka, su ka tahiya yanzu. Naman shanu ya hi ƙarhin talaka, kowa ya koma ga kaza, ita ma ga ta nan tana ta hawa."

Gaskiyarsa ce. Tun da aka ce ba a yanka sai a kwata, sai malamin dabbobi ya duba dabba a tsaye, ya duba huhu da hanta bayan yanka, sannan ya buga hatimi, kasuwar nama ta canja kama. A da, saniya in ta fara ciwo sai makiyayi ya sayar wa mahauta da araha, ya tsira da wani abu, talaka kuma ya ga tsoka a miyarsa. Yanzu irin wannan saniya rami ake haƙa mata. An rage kwanciya asibiti, wannan ba mai musu, amma mahautan da ke kada shanu uku ranar kasuwa sun koma haɗa kai su raba ɗaya.

'Yan tasha suka shaida cewa a makon motar Hamisu na wajen makanike an sauke injinta. Mainasara ya ba shi haƙuri zai wuce, sai Hamisu ya yi dariya.

"Amma ku mutanen Tungar Aduwa kun sha daɗi satin da ya wuce. Ƙanwata da ke aure can ta ce nama ya yi araha kamar zamanin da, kowane tebur shaƙe."

Mainasara ya tsaya cak. Ya tuna daren da ya dawo an kawo masa tuwo da miya mai nama har yana tambayar ko suna aka yi a maƙwabta. Ashe har da shi a cikin waɗanda suka ci.

*

Rugar Magaji na gabas da gari. Sun daɗe da sanin juna, sau biyu Mainasara na dawo masa da shanun da aka sace. Amma yau Magaji bai yi murnar ganinsa ba. Ya shimfiɗa masa buzu nesa da garke, aka kawo nono, ya zauna yana wasa da sandarsa.

"Ba ku ji motsi ba ranar? Karnuka ba su yi haushi ba?"

"Ba mu ji komi ba. Da sahe munka ga babu ta."

"Kuma ba ka aika a kira ni ba."

"An ce ba ka gari."

"Galadi ba Makka ba ta, Magaji."

Mainasara ya kai duba ga bijiman da aka ware gefe, manya masu tozo, an ciyar da su don kasuwar Babbar Sallah da ta rage 'yan makonni. Wahalar shekara guda ke nan a tsaye. Yana cikin kallonsu sai ya ji tari daga bayan wata bishiyar kargo, busasshen tari mai zurfi, irin wanda ke fitowa da ƙyar. Shanu biyu ne aka ɗaure can su kaɗai, sun miƙe wuya, sun buɗe ƙafafun gaba.

Ya ajiye ƙwaryar nonon a hankali. Magaji ya ga inda idonsa ya tafi, shi ma ya ga Magaji ya gani. Suka yi sallama.

*

Tsakanin rugar da fadama ƙasa ce mai tauri, kuma garke ya tattake ta. Amma a bakin fadamar, inda ruwa ya janye ya bar laka mai danshi, sawu kan zauna ya bushe yadda aka taka shi. Nan Mainasara ya tsuguna.

Sawun saniya ɗaya ne da na mutum ɗaya mai takalmin roba. Takalmin bai gaya masa komai ba, rabin mutanen karkara irinsa suke sawa. Abin da ya tsayar da shi daban ne. Duk inda sawun biyu suka haɗu, kofaton ne a kan takalmin. Mai korar saniya a baya yake, ƙafarsa ke taka sawunta. Wannan mutum a gaba yake tafiya, saniyar na biye. Babu jan igiya, babu turjiya, babu inda ta waiwaya wajen garke. Saniyar Fulani kuwa ba ta bin baƙo haka, ko da dusa yake riƙe.

Ya ci gaba da bi. Ba a yi nisa ba saniyar ta tsaya, kofatan gaba a wawware, irin tsayuwar da ya gani a bayan kargo. Mutumin ya dawo ya tsaya dab da wuyanta, ya daɗe, don sawun ya nutse. Suka ci gaba, ta sake tsayawa, ya sake dawowa. Haka har ƙarƙashin wata tsamiya, inda ƙasa ta yi baƙi da jini, ga sawun mutane barkatai da na tayoyin kekuna sun nufi gari.

Mai takalmin roba bai shiga cikinsu ba. Mainasara ya same shi can gefe, shi kaɗai. Diddigensa na wajen tsamiyar, yatsunsa na kallon daji.

Dattijon ya zauna a ƙasa. Ya gane komai, kuma bai ji daɗin ganewar ba ko kaɗan.

*

Bai kai gida ba Sarkin Fawa ya tare shi a hanyar masallaci, ya ja shi gefe. Labarin zuwansa fadama ya riga shi isowa.

"Mainasara, ni da kai ba yara ba na. Ciwon huhu na, ba mu ɓoye maka. Magaji ya zo yana kuka, in malamin dabbobi ya ji, an rufe garke nai, ba bijimin da za ya shiga kasuwar kara bana. Mu kuma sau biyu ana kama mu da nama ba hatimi, an ce na ukku a kulle kwata, mu koma sarin nama Kaura. Wa ke da jarin wanga? Munka saya, munka raba, gari ya ci, ba wanda ko kai nai ya yi ciwo. Tun kakanninmu haka a kai."

"Sai yaro ya shanya hwata."

"Sai yaro ya shanya hwata," Haladu ya maimaita da ɗaci. "In ɓarawo guda ya yi sata ya yanka ga daji, laihi nai na shi kaɗai. In saye munka yi, gida talatin sun mutu. Ɗan ƙanena na, kana zaton ba ni jin zahi? Mun yi mishi alkawali, iyali nai ba su kwana da yunwa muddin muna yanka."

"Hannunka ka ba da, Sarki, ko nashi?"

"Ka yi shiru kawai. Ba mu ce ka yi ƙarya ba."

Mainasara ya kwana yana juya maganar. Haladu ba mugu ba ne, kuma gidaje talatin ɗin ba ƙarya ba ne, ya san matansu da 'ya'yansu. Gaba kura, baya sayaki. Amma duk ta inda ya auna, sai ya ga kwata in an kulle ana iya buɗewa wata rana, ga kuma shanu masu tari suna shan ruwa a tafki ɗaya da na kowa. Hannu kuwa ba ya tsirowa.

*

Ranar zaman kotu ɗakin ya cika. Hajiya Yalwa na gaba, Magaji na rakuɓe a jikin bango, mahauta sun jeru bayan Sarkin Fawa, Kulsumu na can ƙurya cikin mata. Malamin dabbobi ma ya zo, don Mainasara ya aika masa. Da alƙali ya ba da izini, dattijon ya miƙe.

"Allah shi gafarta malam, ni ban ga sata ba. Yaron ga ya ce koro ta ya yi, amma ƙasa ta nuna saniya bin mutum ta yi, kohwatonta bisa sawu nai tun daga bakin hwadama har inda anka yanka ta. Ba ta da lahiya, tana tahiya tana tsayawa, shi kuma shina komowa shina jiranta. Ɓarawo ba shi jiran saniya. Sawun na nan ya bushe, a aika a duba."

Mainasara ya juya wajen bango, ya sassauta murya.

"Da anka kada ta, mutumin ya koma gehe ya ba ta baya. Na bi sawun ɓarayi shekara da shekaru, ban taɓa ganin wanda ya kasa kallon yanka ba. Wanda ya rene ta kaɗai ka yin haka."

Magaji ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannun riga. Da ƙyar aka ji abin da yake cewa.

"Ga hannuna anka haihe ta. Uwarta ta mutu, da ƙwarya na shayar da ita. Hajiya, ki gahwarce ni, ba sace ta anka yi ba. Na ce sata ta don na zaci za a yi cigiya a gaji a bari. Ban san abin za shi kai ga hannun mutum ba."

Hajiya Yalwa ta yi salati.

Alƙali ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya dubi Halilu. Ya bayyana masa cewa shi ya yi iƙirari da bakinsa, kuma Shari'a ta ba shi damar janyewa, amma kotu na son ta ji daga gare shi.

"Halilu, kana nan kan maganarka?"

Halilu ya waiwaya. Mutanen da ya tashi a cikinsu ne a bayansa, waɗanda suka koya masa riƙon wuƙa, kowa ya zuba masa ido. Sarkin Fawa bai harare shi ba, da ma hararar ce da ta fi sauƙi, kallon roƙo yake yi masa. Daga ƙurya aka ji muryar Kulsumu ta kira sunansa sau ɗaya, a hankali. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Allah shi gafarta malam," ya ce, "ban sata ba. Saye munka yi, mu duka."

*

Haddin yanke hannu ya faɗi. An yi wa Halilu da Magaji bulala saboda ƙarya, an ci mahauta tara, Magaji ya biya Hajiya da karsana. Kafin mako ya zagayo an sa kwaɗo a kwatar Tungar Aduwa, an killace garken Magaji da na maƙwabtansa, ba dabbar yankin da ta shiga kara a Sallar bana. Bijiman nan masu tozo suka tsaya a ruga suna cin abincin da ba a da shi. Mahauta wasu suka tafi Kaura suna yi wa wasu fiɗa a kan lada, wasu suka koma figar kaji a tasha, manyan mutane masu gemu. Ranar kasuwa rumfunan nama suka zama wurin kwanan awaki.

Ba wanda ya zagi Mainasara. Sai dai in ya yi sallama a majalisa a amsa a taƙaice, hira ta mutu har ya tashi. Halilu kuwa ko gaisuwa 'yan'uwansa suka daina yi masa, ba mai ɗaukarsa aiki, ya shige gida ya daina fita. Abin ya yi wa dattijon ciwo, har wani lokaci yakan tambayi kansa ko gyara ya yi ko ɓarna.

Ranar Sallah ya dawo daga idi ya yanka ragonsa. A al'ada mahauta kan zaga gida-gida suna fiɗa, kuma shekara da shekaru gidansa na cikin na farko. Ya zauna a zaure yana jira. Ya ga sun wuce da wuƙaƙensu sun shiga gidan dama, sun fito sun shiga na hagu. Rana ta take, ƙudaje suka fara taruwa a kan ragon. Shi kuwa bin sawu ya iya, bai taɓa feɗe ko zomo da kyau ba, ga hannun ya fara rawa da tsufa. Ya tashi ya ɗauko wuƙar gida, ya tsuguna yana tunanin ta inda zai fara.

Sai ya ji sallama. Halilu ne, ya rame, da wuƙa naɗe a tsumma. Bai yi barka da Sallah ba, bai yi godiya ba. Ya naɗe hannun riga ya tsuguna a gaban ragon.

"Ba su hana ka ba?" in ji Mainasara.

"Ba su yi min magana balle su hana ni." Ya gwada kaifin wuƙar a babban yatsa. "Wata rana ina kwana ina jin haushinka, Baba, ba ni ɓoye maka. Gidana ba hatsi. Jiya ɗiyata ta hwaɗi ga ƙohwar ɗaki, na ɗauke ta na share mata hawaye da hannun ga, sai na rasa haushin."

Ƙwalla ta cika wa Mainasara ido.

"Riƙe min ƙahwar nan," in ji Halilu.

Dattijon ya riƙe. Halilu ya yi bismillah, ya sa wuƙar da hannun dama, ya fara fiɗa.